Zangon da Lasifika Ta Ƙara wa 'Yar Ƙarfe

A'a, ku dakata haka nan. Tun da aka haska kashin ƙarshe na fim ɗin 'Yar Ƙarfe kuka hana wayoyin mutane sakat. Rabinku na kuka wai ɗan kwana-kwana bai cancanci ya aure ta ba, rabinku na rawa wai ya cancanta, waɗanda kuma ba su taɓa kallon ko kashi ɗaya ba su suka fi kowa zaƙewa. To duk wuri guda kuka yi kuskure: kun ɗauka fim ɗin ya ƙare. Bai ƙare ba. Ana nan ana yin sa a saman benen wani asibiti, a ɗakin wankin ƙoda, kuma matar da ke riƙe da shi ba ta san sunan ɗan wasa ko ɗaya ba.

Ga wanda bai san fim ɗin ba, ga shi a gurguje. 'Yar Ƙarfe budurwa ce mai sayar da takalma a kanti, amma in gari ya rikice sai ta ɗaura wani ƙyalle a fuska ta fita tana ɗaga motoci da hannu ɗaya. Matsalarta soyayya: duk wanda ta runguma sai haƙarƙarinsa ya karye. Akwai ɗan kwana-kwana, dogo, mai haƙora kamar an goge da toka, wanda ya sha ɗori a kanta har ya saba. Akwai kuma wani gajere mai sanƙo da baƙar riga da ke bin ta lungu-lungu. Ku kun san ko wane ne shi. Ku riƙe saninku tukuna.

Matar da nake faɗa muku, aikinta goge-goge. Bokiti, mofa, tsumma, safar hannu ta roba da ta fi hannunta girma. Lasifika ake ce mata, kuma ba a asibiti ta samo sunan ba. Malamin aji ne ya laƙaba mata tun tana ƙarama, don in aka ce a maimaita karatu, 'yan ajin da ke maƙwabtaka ma sai su haddace. Karatun bai yi nisa ba, amma sunan ya bi ta.

Allah da ikonsa sai ya haɗa ta da miji mai gyaran agogo, mutumin da in ya ce “uhm” da safe to ya gama surutun ranar. Da wata macen ce, da ta haukace. Ita kuwa sai ta samo dabara: ta yi masa tambaya da muryarta, ta ba kanta amsa da tasa. “Maigida, a ƙara gishiri? A'a uwargida, hannunki ai ma'auni ne.” Shi nasa ya gyaɗa kai, idonsa na cikin agogo. A haka suka haifi 'ya'ya suka aurar. Ta rantse ba su taɓa faɗa ba, sai ranar da ita ta ga dama ta sa masa baƙar magana a baki, ta yi fushi da shi har yamma, sannan ta ba kanta haƙuri a madadinsa. Da ya rasu, abin da ya fi ci mata rai shi ne gidan bai ƙara shiru ba ko kaɗan. Gyaɗa kan ne kawai babu.

Ta yi shara a banki, aka sallame ta ranar da ta kifa mofa a ka tana kwaikwayon tafiyar manaja alhali yana tsaye a bayanta. Daga nan ta faɗo asibiti.

Ɗakin wankin ƙoda ba wurin dariya ba ne in ka shigo shi da farko. Manyan kujeru a jere, kowace da injinta a gefe, jini na bin siririn tiyo ya fita ya dawo. Mutum ya zo, a ɗora shi a sikeli, a yi masa faɗan ya sha ruwa da yawa, a soka masa allura biyu a hannu, ya zauna rabin yini ba motsi. Jibi ya dawo a sake. Akwai talabijin a manne can sama a bango, amma likita ya kafa doka: ba sauti. Dole nas ta ji ƙarar inji in ya yi kuka. Saboda haka mutane na zaune suna kallon bakuna na motsi kamar kifi a kwalba.

Wata rana tana goge ƙarƙashin kujera, wani majinyaci ya yi tsaki ya ce, “Wai shi wannan mai sanƙon me yake ce mata?”

Lasifika ta ɗago, ta kalli talabijin, ta shaƙe murya ta ce, “Cewa yake, baiwar Allah, tun da na ganki abinci ya daina yi min daɗi, ga gashina ma ya gudu.”

Har Sista, babbar nas ɗin da ba a taɓa ganin haƙoranta ba, sai da ta juya baya kafaɗunta na rawa. Shi ke nan fa. Daga ranar, da zarar hoton 'Yar Ƙarfe ya fito, bokitin Lasifika na ƙarƙashin talabijin. Tayil ɗin wurin ya fi na ko'ina sheƙi a asibitin. Muryar mata, muryar maza, kukan mota, har haushin kare, duk daga baki ɗaya. Kuma tun kashin farko ta yanke hukunci: mai sanƙo shi ne masoyin gaskiya, ɗan kwana-kwana kuwa ɗan cin banza ne da ke son a riƙa ɗaga masa motar kashe gobara in ta maƙale.

Ana cikin zango na biyu aka kawo Baba Direba.

Tsohon direban motar haya ne, ya ci hanya har hanya ta gaji da shi. Gajere, mai faɗa, kansa fayau kamar an shafa mai. Matarsa ta rasu, 'yarsa guda ce ke kawo shi ta wuce wurin aiki. Ranar farko ya zagi allura, ya zagi inji, ya ce wa Sista shi fa ba batir ba ne da za a riƙa jona shi da bango. Sai ga mai sanƙo a talabijin, ya tare 'Yar Ƙarfe a bakin kanti yana nuna ta da yatsa.

Lasifika ta ce, “Ke nake nunawa, ke ɗin nan. Dogaye sun yi miki yawa a gari, ki gwada gajere ki ji sanyi.”

Baba Direba ya ƙura wa talabijin ido. Ya shafa kansa da hannun da babu allura. Ya ce, “Yaron nan yana da hankali.”

“Yaro kuma, Baba? Ai sa'anka ne.”

“Ke, wa ya sa da ke? Ci gaba da aikinki.”

“Wanne? Gugar ko maganar?”

“Gugar ai ba ki iya ba. Yi maganar.”

Tun daga nan ba a ƙara jin ya ƙi zuwa ba. Yakan zo da bargonsa mai ruwan ƙasa, ya hau sikeli yana rantsuwa bai sha ruwa ba alhali ƙafarsa ta ƙi shiga takalmi, ya zauna ya ce, “Ina nawa? Ya fito?” Mai sanƙo ya zama nasa. In aka mare shi, Baba ya ce an zalunci bawan Allah. In 'Yar Ƙarfe ta wurga shi cikin kwandon shara, Lasifika ta ce kunya ce irin ta 'yan mata, Baba ya ce ƙwarai, tasa matar ma sai da ta watsa masa ruwan wanki kafin ta amince.

Mutum ɗaya ne bai taɓa yarda ba, wanda ke kujerar kusa da taga. Lauya ake kiransa, ba don ya taɓa shiga kotu ba, sai don ko gaishe shi ka yi sai ya nemi hujja. Kullum yana cewa, “Madam, fuskar mutumin nan ba ta masoyi ba ce. Dubi yadda yake zare ido.”

Ita kuma ta ce, “Kai da ka san so, ina taka matar?”

Sai ya ja bargo ya kau da kai, har zuwa jibi.

Abin dariya ne, har ranar da ya daina zama na dariya. Wata rana aka yi ta soka wa Baba allura jijiya ta ƙi samuwa, hannun ya kumbura ya yi baƙi. Da aka samu aka jona shi, Lasifika na goge gefen kujerarsa, sai ya yi magana ƙasa-ƙasa, ba da muryar faɗan nan tasa ba.

“Ke Lasifika. Na gaji da injin nan.”

“Kowa ya gaji, Baba. Ni ma na gaji da bokiti.”

“Ba wasa nake ba. Ina so in ga ko yaron nan zai samu yarinyar. Ranar da fim ya ƙare, ni ma na sauke fasinja. Ba wanda zai ƙara ganina a kujerar nan.”

Ta yi dariya, ta ce ai irin waɗannan finafinan ba sa ƙarewa, jikokinsa ma za su tarar. Amma ta daɗe a ɗakin nan. Ta san yadda kujera ke zama in mai ita ya ce ya gaji. Ba a daɗewa ake kawo wani ya zauna.

Ba a jima ba Sista ta ja ta gefe wajen wurin wanke hannu ta ce, “Iya, kin ga abin da suke ta sakawa a talla? Wannan ne zango na ƙarshe.”

“Na ƙarshe kamar yaya?”

“Kamar ƙarshe. In ya ƙare ya ƙare.”

Lasifika ta matse mofa har sai da hannunta ya yi zafi.

Kamar masu fim ɗin sun haɗa baki da shaiɗan, a zangon nan mai sanƙo ya fito da halinsa fili. Kashin farko ma gada ya tarwatsa, motoci na zubowa ruwa. Kowa ya juyo yana kallon Lasifika.

Ta gyara ɗankwali ta ce, “To me? Ta nan ɗan kwana-kwana ke bi ya je wurinta. Kishi ne. Wanda bai taɓa so ba ba zai gane ba.”

Baba ya ce, “Gadar ma dama ta tsufa.”

Da ya sace mahaifiyar 'Yar Ƙarfe, Lasifika ta ce surukarsa ya kai hutu. Lauya ya ce, “Hutu a ɗaure a kujera?” Ta ce tsohuwar na da jiri, don kar ta faɗi ne, ai su ma nan a ɗaure suke kuma ba wanda ya ce Sista muguwa ce. Da ya ƙera wani ƙaton inji mai fitar da wuta, ta ce na gasa burodi ne, sana'a zai buɗe wa amarya. Gumi take yi sosai a kwanakin nan. Tana komawa gida ta tsaya a kicin ta tambayi marigayi, “Maigida, gobe in ya kashe wani me zan ce? Ki ce ba da gangan ba ne, uwargida.”

Tana ta toshe ɓaraka a haka, sai 'yar Baba ta ɓallo ruwa, kuma da kyakkyawar niyya.

Ranar ta samu hutu a wurin aiki ta ce bari ta zauna da mahaifinta. Mace mai kirki, mai tabarau, irin waɗanda ba sa iya ganin abu a karkace su ƙyale. Ta ga mutane na kallon fim ba sauti, ga wata baiwar Allah na ta haƙilo da baki. Tausayi ya kama ta. Ta ce, “Ayya, Mama, ai ba sai kin wahala ba.” Ta ɗauki rimot a teburin nas, ta danna wani maɓalli da ba wanda ya taɓa sanin amfaninsa. Rubutu ya fito a ƙasan hoton, duk abin da 'yan wasa ke faɗa.

Lauya ya tashi zaune har injinsa ya yi ƙara.

A daidai lokacin mai sanƙo ya durƙusa gaban 'Yar Ƙarfe, yana kallon ta ido cikin ido. Lasifika ta riga ta fara: “Ki dubi girman Allah ki dubi sanƙona…”

Lauya ya ɗaga murya yana karantawa: “Zan ƙone garin nan ƙurmus, ke kuma in niƙa ƙasusuwanki.”



Lauya ya ci gaba, yana jan kowace kalma kamar mai shan zuma. Ashe injin ba na burodi ba ne. Ashe mai sanƙo ne ya kashe mahaifin 'Yar Ƙarfe tun a zangon farko, wurin da Lasifika ta ce tsohon barci yake. Ashe bai taɓa furta kalmar so ba ko da kuskure.

'Yar Baba ta kalli fuskoki, ta gane ta taka wani abu, ta ce, “Na yi laifi ne?”

Baba Direba bai kalli kowa ba. Ya ce, “Ashe mugu ne.” Ya ja bargo har wuya. “To. Ya rage min jira.”

Wannan maganar ce ta daki Lasifika, ba dariyar Lauya ba. Ta tura bokitinta ta fita baranda. Ta goge barandar, ta sake gogewa. Wani ɗan dako da ya zo wucewa ya gaishe ta, ta ɗaga masa hannu kawai, mutumin ya je yana ba da labari wai Lasifika ba lafiya.

Zama na gaba ta shigo da wuri, kafin majinyata. Ta jawo kujerar roba ta hau, wai za ta goge ƙurar talabijin. Daga aljihun riga ta zaro naɗin filasta, farar nan mai faɗi da ake manne allura da ita. Ta shimfiɗa layi ɗaya a ƙasan gilashin daga wannan gefe zuwa wancan. Ta ƙara na biyu. Ta ƙara na uku don kar wata kalma ta leƙo.

Tana saukowa ta ga Sista a bakin ƙofa, hannu a ƙugu.

“Iya, filastar asibiti ce wannan?”

“Talabijin ɗin ne ya ji ciwo, Sista.”

Sista ta kalli bango, ta kalli Lasifika. Ta ce, “Gefen hagu bai kama ba. Danna shi.”

Da Lauya ya zo ya gani, sai da aka riƙe masa hannu kar allura ta fita. “Wannan danne gaskiya ne! Mun ga rubutu da idonmu!”

Lasifika ta dogara da mofa ta ce, “Wa ya rubuta rubutun?”

“Masu fim mana.”

“Ka gansu? Ka san gidansu? Dangin ɗan kwana-kwana ne suka rubuta. Ai an san yadda ake ɓata wa mutum suna in ana son hana shi aure. Ni da bakin mutumin nake aiki, kai kana aiki da abin da maƙiyansa suka rubuta.”

Wata mata a kujerar ƙarshe ta ce, “Wallahi kuma ana yi.”

Baba Direba ya juya fuska gefe. Amma da mai sanƙo ya fito, Lasifika ta sa masa kuka a baki yana cewa duniya ta juya masa baya, ta ga gefen bakin tsohon ya motsa.

Filasta dai tana rufe rubutu, ba ta tsayar da fim. Ranar kashin ƙarshe ta zo. Baba ya shigo da sabuwar riga, ya hau sikeli bai yi musu ba, abin da ya tsorata Sista fiye da komai. Aka fara. Lasifika ta yi iya yinta. Amma me za ka ce in 'Yar Ƙarfe ta ɗaga mutum da injinsa gaba ɗaya, ta juya shi sama kamar majajjawa, ta wurga shi cikin gajimare har ya zama ɗigo ya ɓace? Me za ka ce in hoto na gaba ita ce da farar riga, ga ɗan kwana-kwana da sabon ɗori yana washe haƙora? Karon farko a tarihin ɗakin, baki na motsi a talabijin Lasifika na tsaye ba ta ce uffan ba.

Da aka cire wa Baba allura, ya bi kujeru ɗaya bayan ɗaya yana sallama. Ya ce wa Sista ta yafe masa zagin da ya yi wa injinta. Ya naɗe bargonsa ya ajiye a cinyar Lauya ya ce, “Riƙe, naka ya yi ƙanƙanta da bakinka.” Sannan ya tsaya gaban Lasifika.

“Kin yi ƙoƙari, 'yar nan. Maƙaryaciya irinki ban taɓa ɗauka a mota ba.”

“Baba, ka ga inda ya faɗo?”

“Wa?”

“Naka. An wurga shi sama. Ka ga ya faɗo?”

“Ke dai ba kya gajiya.”

“Ni dai ban ga gawa ba. Ka zo jibi.”

Ya yi dariya ya dafa kafaɗar 'yarsa suka fita. Ita kanta Lasifika ba ta san me za ta nuna masa jibin ba. Bakinta ne ya riga ta, kamar kullum.

Jibi ta yi. Kowa ya zo, kujerar Baba ba kowa. Sista ta kira 'yarsa, 'yar ta ce tana gida tun safe tana roƙonsa, ya ce a gaishe da kowa. Sista ta ajiye waya ta shiga jera allurai da ba sa bukatar jeri.

Lokacin fim ya yi. Lasifika ta ɗaga kai don kawai ta saba. Sai ga kantin takalma. Ga 'Yar Ƙarfe da tsohon kitsonta na da. Tashar ba ta da abin sakawa, ta koma kashin farko na zangon farko.

Lauya ya ce, “Maimaici ne. A canza mana.”

“Kar wanda ya taɓa rimot ɗin nan.”

Ta matsa kusa. Mai sanƙo ya shigo hoto, yana tsallaka titi. Shekaru sun ja tun da aka ɗauki wannan kashin, ɗan wasan bai yi tumbi ba tukuna. Kuma a bayan kansa, sama da ƙeya, akwai gashi. Ɗan kaɗan ne, kamar ciyawar da ta fito a tsagin siminti, amma gashi ne.

Ta jefar da mofa. “Sista, ara min wayarki. Kira min tsohon nan.”

Aka kira, 'yar ta kara masa a kunne. Lasifika ba ta yi sallama ba.

“Ya faɗo!”

“Wa ke magana?”

“Wa kake da shi mai irin muryar nan? Naka ya faɗo! Jifar da ta yi masa ta yi ƙarfi, ta wuce da shi baya. Ya faɗo a shekarun da, tun kafin ta san ɗan kwana-kwana. Baba, har gashi ya fito masa!”

Baba ya ce, “Ƙarya kike. Maimaici suke yi.”

“Haka ma Lauya ya ce. Ashe kun zama ɗaya.”

“Kar ki haɗa ni da wannan.”

“Yanzu ya san duk kuskuren da ya yi. Ya ce ba gada, ba inji, a hankali zai bi ta. Ga shi can ya nufi kantin. Ya kama ƙofa. Ya buɗe. Ta ɗago kai. Innalillahi, Baba, ka san me ya ce mata?”

“Me ya ce?”

Ta kashe wayar.

Sista ta ce, “Iya!”

“Ki kunna injinsa ya yi ɗumi.”

Wayar ta yi ƙara, ta hana a ɗauka. Ta sake yi, ta kifa ta a kan tebur. Fim ya ƙare, aka shiga talla, aka shiga labarai. Lasifika ta goge ƙarƙashin kujerar da ba kowa har ta ga fuskarta a tayil. Tana yi tana satar kallon ƙofa.

Tun daga matattakala aka jiyo shi. Yana zagin benen, yana zagin wanda ya gina shi, yana ce wa 'yarsa ta sake shi ba jariri ba ne. Ya shigo da silifas don ƙafa ta ƙi takalmi, yana haki. Bai gaishe da kowa ba. Ya fizge bargonsa daga cinyar Lauya.

“Aro na ba ka.”

Ya hau sikeli, Sista ta duba ta buɗe baki, ya ce, “Na sha. Na sha ruwa, a kai ni kotu.” Ya zauna ya miƙa hannu aka soka. Sai da jini ya fara bin tiyo sannan ya juyo.

“Ke. Me ya ce mata?”

“Ai an wuce wurin, Baba. Ka makara.”

“To faɗa min.”

“Ba na maimaici. Jibi za ta ba shi amsa, daga amsar za ka gane.”

“Allah ya isa tsakanina da ke.”

“Amin. Ɗaga ƙafa in goge.”

Yanzu haka suna tsakiyar wannan sabon zangon. Mai sanƙo ya shiryu sosai a bakin Lasifika, duk da cewa a hoto yana nan yana zare ido. Wurin da aka kashe mahaifin 'Yar Ƙarfe, a wannan karon ta ce suma ya yi, za a farfaɗo da shi nan gaba. Lauya na ta tara hujjoji. Baba na zuwa ne, in ji shi, don kawai ya kama ta da ƙarya a gaban jama'a, kuma kullum sai ya kama ta, kullum kuma sai ta ce ya dawo jibi ya ga yadda za ta fita. Filasta na nan a gilashi, Sista ke canza ta in ta yi datti. Lasifika ta riga ta fara tunanin abin da za ta ce in aka sake zuwa wurin jifa. Ta tambayi marigayi a kicin, ya ce kar ta damu, ai sama ba ta da rufi.

To ku masu cika mana waya da ɗan kwana-kwana ya dace ko bai dace ba, ga tambayar da ta fi taku. Akwai masu cewa abin da matar nan ke yi yaudara ce, dattijo ya faɗi abin da yake so a bar shi da ransa. Akwai masu cewa a ƙara mata filasta. Kar ku danna min alamar dariya ku wuce kamar ba ku gani ba. Ku sauko ƙasa ku faɗa da bakinku: a ɓare filastar, ko a bar ta? Wanda kuma ya ce a ɓare, ya faɗa mana abin da zai ce wa Baba Direba jibi.